Daga Adashi Zuwa Ƙungiya: Tarihin Rancen Masu Man Gyaɗa

Mu nan ba mu da kwakwar manja. Manjan da muke aunawa a kasuwa daga Kudu ake kawo shi cikin jarkoki. Namu man na gyaɗa ne, ko gujiya yadda iyayenmu ke cewa, kuma tarihinsa ya girme mu duka.

Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, nan layin dogo ya tsaya. Gyaɗar Zurmi da ta Shinkafi nan ake tara ta, a loda, ta nufi Legas. Kuɗin buhuna na maza ne da kamfanoni. Abin da ya rage a gida shi kakanninmu ke soyawa, su daka, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli. Jarinsu adashi ne: kowa ta zuba, ɗaya ta kwasa. Amma adashi bai san kaka ba. Sai kwasarki ta faɗo da bazara, lokacin da gyaɗa ta yi tsada, to me kika yi?

A 1975 cuta ta cinye gonakin gyaɗa a Arewa, a 1986 kuma gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. An kafa Bankin Manoma mai hedikwata a Kaduna tun farkon shekarun 1970. To amma banki jingina yake tambaya, takardar fili ko ta gida. Wace ce cikinmu ke da ita da sunanta?

Nan ƙungiyar gama kai ta shigo. Idan mata suka yi rajista, suka buɗe asusu ɗaya, suna zubi duk mako ana rubutawa, littafin nan shi ne shaidarsu. Ƙungiya ke karɓar rance, ita ke tsaya wa kowa. Da kaka sai a sayi gyaɗa da araha a ajiye, a riƙa ba kowace mace buhu bashi, ta matse, ta sayar, ta biya. Da yawanmu ba ma son kuɗin ruwa, shi ya sa muka fi yarda a ba mu gyaɗar a kan farashin da aka yanka tun farko. Kuma wallahi sai da muka shiga ajin yaƙi da jahilci muka fara duba littafin da idonmu, maimakon dangwala yatsa kan abin da ba mu karanta ba.

Matsalar yanzu tsaro ce. A watan Satumba na 2021 an rufe kasuwannin mako, an yanke layin waya a Zamfara. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta tsaya, mai ya zauna a jarka, bashi kuwa bai tsaya ba. Har yau akwai 'yan uwanmu daga ƙauyukan Zurmi da suka baro gida babu ko kaskon suya. Bashinsu na kanmu, tunda mu muka tsaya musu. A taron wata mai zuwa za mu yanke ko a ɗaga musu biya zuwa kaka, ko a raba shi tsakaninmu. Don Allah kowa ta zo da katinta na zubi.