Monika da Agustin: Fahariyar Uwa da Ta Koma Godiya

An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, wanda yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce tun daga gidan iyayenta. Mahaifinsa Fatrisiyus kuwa bai karɓi baftisma ba sai dab da rasuwarsa. Yawancin abin da muka sani game da Monika, ɗanta ne ya rubuta shi a littafinsa Confessiones, inda ya furta zunubansa ya kuma yabi Allah.

Ikkilisiya ta fi tunawa da hawayen Monika, amma tarihi ya nuna tana da buri irin na sauran iyaye. Ita da mijinta sun dage ɗansu ya yi zurfi a karatu, suka tura shi Madaura, daga baya ya wuce Kartej. Agustin ya ce sa'ad da yake ɗan shekara 16 sha'awar jiki ta rinjaye shi, amma ba a yi masa aure ba domin kada mace ta tare masa hanyar ɗaukaka. A Kartej ya ɗauki wata mace ba tare da aure ba, suka haifi ɗa mai suna Adiyodatus. Ya kuma shiga ɗariƙar Mani, ya yi shekara 9 a ciki.

A shekara ta 383 ya yaudari mahaifiyarsa, ya bar ta tana addu'a a bakin teku, ya shiga jirgin ruwa zuwa Roma. A 384 ya sami muƙamin malamin balaga a Milan, inda fadar sarkin Roma take a lokacin. A idon duniya, ɗa ya gama fitar da iyayensa kunya. Monika ta bi shi can, ta sa hannu aka nema masa 'yar babban gida. Saboda wannan shiri aka raba shi da uwar ɗansa bayan zaman kusan shekara 15, ta koma Afirka. Nan muka ga uwa mai addu'a wadda har yanzu take auna ɗanta da mudun mutane.

A 386 Agustin ya tuba a cikin wani lambu bayan ya karanta Romawa 13:13-14. Monika ce ya fara zuwa ya gaya wa, shi da abokinsa Alifiyus. Ya kuma fasa auren, ya ajiye muƙaminsa, wato duk abin da za ta yi taƙama da shi a gaban matan Tagaste ya tafi. Duk da haka ta yi murna, ta yabi Allah domin ya ba ta fiye da abin da ta roƙa. Bishop Ambros ya yi wa Agustin baftisma a daren Ista na 387.

A wannan shekarar, suna jiran jirgi a Ostiya, ta gaya masa ba ta da sauran buri a duniya tunda Allah ya nuna mata shi yana bawansa. Ta rasu a can tana da shekara 56. Ba ta ga naɗinsa a matsayin limamin ikkilisiya a 391 ba, balle zamansa bishop na Hippo. Farin cikinta ya cika tun ɗanta ba shi da wani muƙami.

Masu hidima za su sadu da wannan a ikkilisiyoyinsu. Iyaye kan fito godiya ta musamman idan ɗa ya gama jami'a, ya sami aiki, ko ya yi aure. Abu ne mai kyau. Sai dai wani lokaci sunan Allah kan zama mayafin fahariya, alhali a benci na baya akwai uwar da ɗanta ya bauɗe, tana jin kamar addu'arta ce ba ta kai ba. Aikin fasto ne ya tuna wa ta farko da 1 Korantiyawa 4:7, cewa duk abin da ke hannunta karɓa ta yi. Ya kuma tuna wa ta biyu cewa Monika ta jira fiye da shekara 10 kafin ta ga amsa.

Don tattaunawa:
1. Me ya bambanta burin Monika na 384 da godiyarta ta 387?
2. Yaya za ka shirya sujadar godiya da ba za ta karya zuciyar iyayen da suke jira ba?