Makaranta a Matsayin Filin Bishara: Shanahan da Malaman Ƙauyukan Igbo

A watan Disamba na 1885 Fada Joseph Lutz da abokan aikinsa na ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki suka sauka a Onitsha, a bakin kogin Neja. Sun tarar 'yan mishan na CMS sun riga su zama a garin tun 1857. Hanyar da suka fara bi ita ce wadda aka saba da ita a lokacin: a fanshi bayi da kuɗin da ake aikowa daga Turai, a tattara su tare da marayu da marasa lafiya da waɗanda jama'a ta ƙi, a zaunar da su a "ƙauyen Kirista" kusa da gidan mishan. Aikin jinƙai ne, ba mai musun wannan. Amma ya jawo wa Ikkilisiya wani suna. Mutumin gari mai gona da iyali ya ɗauki sabon addinin a matsayin na bayi, ya kuwa ƙi kusantarsa.

Fada Léon Lejeune, wanda ya karɓi shugabancin mishan a 1900, shi ya fara ganin cewa wannan hanya ba za ta kai ko'ina ba. Wanda ya gaje shi a 1905, Joseph Shanahan, mutumin Ireland da ya iso a 1902, shi ya juya akalar aikin gaba ɗaya zuwa makaranta. Lissafinsa mai sauƙi ne. Turawan mulki da kamfanonin ciniki suna neman akawu da tafinta, iyaye kuma sun gane cewa yaron da ya iya Turanci zai tsaya wa garinsu a gaban hukuma. Garin da ya rufe ƙofa ga mai wa'azi yakan aiko da wakilai a roƙi malami. Har kuɗin da Roma ta ware don fansar bayi Shanahan ya riƙa sawa a makarantu, abin da ya jawo masa tambayoyi daga can.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, domin littattafai sun fi ambaton Shanahan fiye da mutanen da suka ɗauki nauyin a kansu. Fada-fada kaɗan ne, ƙasar kuwa tana da faɗi. Wani ƙauye sai ya yi watanni bai ga fada ba. Wanda yake zaune a can kullum shi ne malami, sau da yawa saurayi ne da bai daɗe da gama firamare ba. Rumfar da ya koyar da karatu da lissafi a cikinta ranar Litinin, ita ce ɗakin sujada ranar Lahadi. Shi ke koyar da katikisma, shi ke jagorar addu'a, shi ke shirya masu neman baftisma, shi ake tasa da dare in wani yana bakin mutuwa. Yara kuma suna komawa gida da waƙoƙi da addu'o'in da suka koya. Ta haka bishara ta shiga gidajen da Bature bai taɓa taka ƙofarsu ba.

Rayuwar Michael Iwene Tansi ta nuna yadda abin yake tafiya. An haife shi a Aguleri a 1903, iyayensa masu bin addinin gargajiya. Ya shiga makarantar mishan, aka yi masa baftisma a 1912, ya zama malami, ya zama shugaban makaranta, sa'an nan aka naɗa shi fada a 1937. A 1941 ya yi wa wani ɗan makaranta mai shekara tara baftisma, Francis Arinze, wanda iyayensa ba su bi shi zuwa cikin bangaskiya ba sai daga baya.

Kada mu ɗauka hanyar ba ta da aibi. Gasa tsakanin Katolika da CMS ta raba garuruwa, har ta raba 'yan'uwa na ciki ɗaya, kowane ɓangare da makarantarsa. Wasu yara sun karɓi baftisma kamar yadda ake karɓar takardar jarrabawa. Kuma mishan ɗin da ta amince wa ɗan ƙasa ya riƙe ƙauye guda shi kaɗai ta yi nawa wajen ba shi bagade: sai a 1930 Shanahan ya naɗa John Anyogu, fada na farko ɗan ƙasa a gabashin Neja, shekara 45 bayan zuwan Lutz. A ganina wannan jinkiri ya fi sauran laifofin nauyi.

Shanahan ya rasu a Nairobi a 1943. Gwajin aikinsa ya zo a 1970. Da yaƙin basasa ya ƙare, gwamnatin tarayya ta kori 'yan mishan Turawa da yawa daga yankin, gwamnatin Jihar Gabas ta Tsakiya a ƙarƙashin Ukpabi Asika kuma ta karɓe makarantun mishan. Cikin shekara guda Ikkilisiya ta rasa ma'aikatan da suka zo daga waje, ta rasa gine-ginen da ta dogara da su fiye da shekara sittin. Waɗanda suka rage su ne tsofaffin ɗalibai da malamai da katikis. Babban bishop na Onitsha a lokacin, wanda sake gina komai ya faɗo a wuyansa yana da shekara 37, shi ne yaron nan da Tansi ya yi wa baftisma.