Tarihin Baiko da Riƙon Amana a Ikkilisiyoyin Abuja

Baiko shi ne abin da Kirista ke bayarwa da son ransa domin aikin ikkilisiya da taimakon mabukata, kuɗi ne ko amfanin gona. Zakka, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu, daban ake lissafa ta. Labarin bayarwar nan a Abuja a warwatse yake. Kowace ɗarika tana riƙe da nata, jaridu kuma ba su cika waiwayarsa ba sai an buɗe katafaren gini ko an yi rigima.

Kafin a kafa birnin

Masu rubutu da yawa suna farawa daga Fabrairun 1976, lokacin da gwamnatin Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni. Wannan ya tsallake shekara sittin da wani abu. Tun wajen 1910 mishan ɗin SIM ta buɗe tasha a Karu cikin Gbagyi, kuma daga aikin SIM ne ɗarikar ECWA ta fito a 1954. Koyarwar da aka ɗora waɗannan ikkilisiyoyi a kai ita ce su ɗauki nauyin kansu. Da gayya ake gina majami'a, da hatsin masu bi ake ciyar da mai bishara. Har yau a ƙauyukan Kwali da Kuje da Bwari, ranar godiyar kaka za ka ga mata sun saɓo doya a kafaɗa irin ɗaukar Gbagyi, an jera dawa da kaji a gaban bagade, bayan sujada a yi gwanjonsu, dattawa su zauna su ƙirga kuɗin a rubuta a littafi.

Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa

Babu aikin da ya gwada bayarwar Kiristocin Najeriya a Abuja kamar wannan gini. A zamanin Shugaba Shehu Shagari gwamnatin tarayya ta ware naira miliyan 10 ga Musulmi, miliyan 10 ga Kiristoci, domin kowane ɓangare ya gina wurin ibada na ƙasa a sabon birnin. Kuɗi ne masu kauri, don a lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja. Shi ya sa wasu ke ƙirga shekarun aikin daga farkon shekarun 1980. Abin da ya fi inganci shi ne a fara ƙirga daga wajen 1989, sa'ad da aikin ginin kansa ya kankama.

Amanar tana hannun CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya da aka kafa a 1976, wadda shugabanta na farko, Kadinal Dominic Ekandem, shi ne kuma ya fara jagorantar Katolika a Abuja daga 1981. Aikin ya ɗan motsa, sai ya tsaya cik. Shekara da shekaru kwarangwal ɗin kankare na tsaye a tsakiyar birni, alhali Masallacin Ƙasa da ke kusa ya daɗe da ɗaga ƙubbarsa.

Dalili na farko a fili yake. Daga 1986 naira ta shiga faɗuwa, duk kuɗin da aka ajiye ko aka yi alkawari sai ya zaizaye kafin a sayi siminti. Na biyun bai cika fitowa a rubuce ba, amma a ganin mai wannan maƙala ya fi nauyi. CAN gamayya ce ta rukunoni biyar: Katolika, majalisar da ta haɗa irin su Anglican da Methodist, 'yan Fentikos, ikkilisiyoyin da 'yan Afirka suka kafa, sai ɗarikun TEKAN da ECWA. Da aka dawo da mazaunin gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikata suka kwararo, kowace ɗarika ta duƙufa gina majami'unta a Garki da Wuse da Nyanya. Mai baiko yana ganin inda kuɗinsa ya shiga a unguwarsu, ya san ma'aji, ya san fasto. Ginin kowa da kowa kuwa sai ya zama ba mai shi.

Al'amarin ya juya da zuwan Peter Akinola. Kafinta ne kafin ya shiga aikin ikkilisiya, ya zama bishop na Anglican a Abuja a 1989, shugaban ɗarikar a Najeriya a 2000, shugaban CAN a 2003. A 2004 aka kafa kwamitin ƙarasa aikin, Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki wajen neman gudummawa, kamfanin Gitto ya yi ginin. Ranar 2 ga Oktoba 2005, washegarin cikar Najeriya shekara 45 da samun 'yanci, Akinola ya jagoranci keɓe majami'ar, mai bagade a tsakiya wanda ke juyawa a hankali don kowa ya fuskance shi. Abin da ya gagara shekara goma sha biyar ya kammalu cikin ƙasa da biyu. Ba arziki ne ya sauko wa Kiristoci dare ɗaya ba. An samu wanda za a nuna a ce shi ke da alhaki, an kuma sa ranar gamawa. Sai dai hannun masu mulki da ya shiga ciki ya bar tambayar da ta dace a riƙa yi: bakin da ya roƙi gwamnati yau, zai iya tsawata mata gobe?

Bayan 2005

Daga nan manyan gine-gine suka koma hannun ikkilisiyoyi ɗaiɗaiku. Mafi shahara shi ne Glory Dome na ikkilisiyar Dunamis ta Paul Enenche a hanyar filin jirgi, wanda aka buɗe a Nuwamban 2018. Faranti da kwandon baiko suna nan, amma lambar asusun banki ta hau allo.

Muhawara ta koma kan lissafi. A Janairun 2017 ƙa'idar Hukumar Rahoton Kuɗi, wadda ta taɓa wa'adin shugabannin ƙungiyoyin addini, ta tayar da ƙura har aka dakatar da ita, aka sauke babban sakataren hukumar, Jim Obazee. A Agustan 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda sashenta na 839 ya ba hukumar rajista damar dakatar da amintattun ƙungiya, CAN kuma ta yi tir da shi. Tsoron katsalandan yana da tushe. Haƙƙin mai baiko na jin yadda aka kashe kuɗinsa shi ma yana da tushe, kuma ikkilisiyoyin da ke karanta rahoton ma'aji a gaban jama'a kowace shekara sun daɗe da amsa wannan da kansu.

Ciyar da mabukata shi ne ɓangaren da aka fi yi, aka fi ƙarancin rubutawa. Caritas ta Najeriya, wadda bishop-bishop na Katolika suka kafa a 2010, tana da ofishinta a Abuja. Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa sun sha kai masara da tufafi sansanonin Durumi da Kuchingoro, inda mutanen Gwoza suka fake tun 2014. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, masu zuwa karɓa suka rinjayi abin rabawa. Ranar 21 ga Disamba 2024, mutum goma suka rasu a turmutsitsi wajen rabon kayan abincin Kirsimeti a majami'ar Holy Trinity da ke Maitama, huɗu daga cikinsu yara. Da yawa sun iso tun kafin gari ya waye. Bayan haka rundunar 'yan sandan Abuja ta umarci duk mai shirin irin wannan rabo ya sanar da ita tukuna.