Aliyona Sabcenko: ƙasa biyu, abokan wasa uku, zinariya guda

Aliyona Sabcenko ƴar wasan zamiya ce a kan ƙanƙara, wasan da ake kira patinaj da Faransanci. Ta yi suna a rukunin mace da namiji, inda mutum biyu ke zamiya tare bisa kiɗa, namiji ya ɗaga mace sama da kansa ko ya wurga ta ta juya cikin iska ta sauka da ƙafa guda. Sau shida ta ci kofin duniya, amma sai a zuwanta na biyar wasannin Olamfik ta samu lambar zinariya.

Daga Ukiren zuwa Jamus

An haife ta ranar 19 ga Janairun 1984 a yankin Kiyef, lokacin da Ukiren ke cikin Tarayyar Sobiyet. Abokin wasan da ta fara yin suna da shi shi ne Stanislaf Morozof. Sun ci gasar duniya ta matasa a shekarar 2000, suka kuma zo na 15 a Olamfik ta 2002 a Amurka. Bayan nan suka rabu.

A wannan wasa, rabuwa babbar asara ce, domin sai mutum biyu sun shekara da shekaru tare kafin motsinsu ya zo ɗaya. Da ba ta samu wanda ya dace a gida ba, sai ta ƙaura zuwa garin Kemnis na Jamus a 2003, ta haɗu da Robin Solkobi, wanda mahaifiyarsa Bajamushiya ce, mahaifinsa kuwa ɗan Tanzaniya. Ingo Shitoya ne mai horar da su.

A nan ta fara cin karo da maganar takardu. A gasar duniya, ya isa a ce ɗaya daga cikin biyun ɗan ƙasar ne, muddin tsohuwar ƙasar ɗayan ta sallame shi. A Olamfik kuwa dole dukansu su zama ƴan ƙasa. Sabcenko ta samu takardar zama ƴar Jamus a ƙarshen 2005, daf da Olamfik ta Turin a 2006, inda suka zo na shida.

Shekaru da Solkobi

Shekara goma sha ɗaya suka yi tare. Sun ci kofin duniya sau biyar, a 2008, 2009, 2011, 2012 da 2014, da kofin Turai sau huɗu. Sai dai Olamfik ta ƙi su: tagulla suka samu a Bankuba a 2010, tagulla kuma a Soci a 2014. Solkobi ya yi ritaya a wannan shekara. Ita kuwa, tana da shekara 30, ta ce da sauranta.

Zaɓen Bafaranshe

Ta zaɓi Buruno Maso, haifaffen garin Kan na arewacin Faransa, wanda ta girme shi da shekara biyar. Ya taɓa zama zakaran Faransa a 2012, amma bai taɓa hawa dandalin lambobi a gasar duniya ba. Hukumar wasannin ƙanƙara ta Faransa ba ta sake shi da wuri ba, sai a Oktoban 2015, har suka yi asarar kakar wasa guda cur ba su shiga gasar ƙasa da ƙasa ba. A tsakanin nan suka bar Shitoya, suka koma Obasdof wajen Alekzanda Konik.

Da aka sake shi, sun samu tagulla a gasar duniya ta 2016 a Boston, da azurfa a 2017 a Helsinki. Saura maganar zama ɗan ƙasa, wadda ta buƙaci Maso ya ci jarrabawar Jamusanci. Ya samu takardar a Nuwamban 2017, wata uku kacal kafin Olamfik.

Ranar Piyoncan

Gasar tana da zagaye biyu, gajere da dogo, ana tara makinsu. A gajeren zagaye a Piyoncan ta Koriya ta Kudu, Maso ya juya sau biyu a tsallen da ya kamata ya juya sau uku, sai suka tsaya a matsayi na huɗu. Washegari, 15 ga Fabrairun 2018, suka yi dogon zagaye bisa kiɗan Arman Amar ba tare da kuskure ba, suka samu maki 159,31, mafi yawa da aka taɓa bayarwa har zuwa ranar. Jimillarsu ta kai 235,90, suka wuce ƴan Sin Suwi Wenjin da Han Con da maki 0,43 kawai. Rabon Jamus da zinariyar wannan rukuni tun 1952. Sabcenko tana da shekara 34 a lokacin.

Wata guda bayan haka suka ci kofin duniya a Milan, na shida gare ta, na farko ga Maso. Wannan ce gasarsu ta ƙarshe tare. Daga baya dukansu biyu sun shiga aikin horar da matasa.