Wa Ya Koyar da Ɗan Jaridar Hausa?

A watan Janairun 1939, sa'ad da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Hukumar Talifi ta Zariya, editanta na Hausa bai taɓa zama ajin koyon aikin jarida ba. Malam Abubakar Imam malamin makaranta ne, mutumin Kagara, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Katsina. Alƙalaminsa ne ya kai shi kujerar edita: Ruwan Bagaja da ya shiga gasar 1933, sannan Magana Jari Ce da ya zauna ya rubuta a Zariya a 1936 ƙarƙashin kulawar Rupert East. Daga nan nake so in bi sawun yadda aka horar da masu kawo wa Bahaushe labari, domin a ganina an koya musu rubutu tun da wuri, kuma an koya musu da kyau, amma da lokacin koyar da bincike ya yi sai aka kai darasin wani gari, aka ba da shi cikin wani harshe.

Horon da Imam ya samu irin na yaron maƙera ne, wanda ke fara wa da zuga yana kallon hannun ubangidansa. East mutum ne mai naci a kan ƙa'idar rubutun boko da kuma Hausa mai sauƙi, irin wadda in an karanta ta a dandali mai sauraro zai fahimta ba tare da an maimaita ba. Wannan gado ne babba, har yau muna cin moriyarsa. Sai dai yaron maƙera ba ya ƙera abin da ubangidansa ba ya ƙerawa. Gaskiya jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce, kuma cikin dalilan kafa ta akwai kashe jita-jitar da ke yawo a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu, har da wadda ke cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Labari daga sama yake saukowa, aikin ma'aikaci shi ne ya saka masa rigar Hausa mai kyau. Ba a nufi ya tafi ya tono abin da hukuma ba ta faɗa ba.

Duk da haka Imam ya sami ƙofar da labari zai shigo daga ƙasa, wato wasiƙun masu karatu. Ta nan koke-koken talakawa da na matasa 'yan boko game da mulkin En'e suka riƙa isa shafin jarida. Da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lord Lugard, ya kuma rubuta masa wasiƙu yana zayyana matsalolin Arewa. Wannan ƙarfin hali ne na mutum guda, ba darasi ne da aka tsara aka koyar ba, shi ya sa bai zama al'adar ɗakin labarai ba. Jaridun larduna da Hukumar NORLA ta fitar a shekarun 1950, irin su Zaruma a Sakkwato da Himma a Katsina da Sodangi a Kano da Bazazzaga a Zariya, an yi su ne don waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci su sami abin karantawa. Manufa ce mai kyau, amma ba ta bincike ba ce.

A Kudu ma da farko ɗakin labarai ne makaranta. Jarida ta riga ta yi shekara tamanin a can, tun daga Iwe Irohin ta Abeokuta a 1859, kuma wanda ya fi kowa yaye matasa shi ne Azikiwe, wanda ya kafa West African Pilot a 1937. A hannunsa Anthony Enahoro ya zama edita a 1944 yana ɗan shekara 21. Bambancin shi ne, a can ubangidan ɗan adawa ne, don haka abin da yaro ya fara koya shi ne tuhumar hukuma. Bayan haka horo na tsari ya biyo. A 1954 aka shirya wa 'yan jarida masu aiki kwas na mako biyu a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A 1961 Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe Kwalejin Jackson ta aikin jarida. A 1963 Cibiyar 'Yan Jarida ta Duniya, IPI, ta soma horar da ma'aikatan jaridu a Legas, shirin da ya tsaya da ƙafafunsa a 1971 a matsayin Cibiyar Aikin Jarida ta Nijeriya. Jami'ar Legas ta bi sahu da taimakon UNESCO, kamfanin Daily Times kuma ya buɗe tasa makarantar. Duk wanda ya duba taswira zai ga inda aka jera su: Ibadan, Nsukka, Legas. Harshen koyarwa kuwa Ingilishi ne a ko'ina.

Arewa ta amsa da manyan kafafe. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, jaridar New Nigerian ta fito ranar 1 ga Janairun 1966, mako biyu kafin juyin mulkin farko. Adamu Ciroma, wanda ya zama editanta a wannan shekara, tarihi ya karanta a Ibadan, daga aikin gwamnati aka ɗauko shi, a kan aiki ya koyi sana'ar. New Nigerian ta yi suna, ta yaye gwanaye. Amma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta girme ta da shekara 27, sai ta koma ƙarƙashin kamfani ɗaya da ita a matsayin ƙanwa. Tsarin da ya kafu a irin waɗannan gidaje shi ne, a tattaro labari da Ingilishi, a tace shi da Ingilishi, sannan a miƙa wa sashen fassara. Da jami'o'in Arewa suka buɗe sassan koyar da aikin jarida, a Bayero da Maiduguri da Ahmadu Bello, sai rabon ya shiga manhaja: mai son koyon neman labari ya tafi wancan sashe ya yi da Ingilishi, mai son Hausa ya zo wannan sashe a koya masa fassara. A ƙetaren iyaka ma haka zancen yake, domin makarantar IFTIC ta Yamai da Faransanci take yaye ɗalibanta, alhali da yawansu da Hausa ko Zabarmanci za su yi aiki.

Na ga ragowar wannan tsari da idona lokacin da jami'a ta tura mu sanin makamar aiki a wani gidan rediyo. Kullum da hantsi ake kawo mana labaran da aka riga aka karanta da Ingilishi, mu mayar da su Hausa kafin azahar. Akwai dattijo a teburin wanda ya shafe shekaru masu yawa yana wannan aiki, gwanin da ban taɓa jin irin Hausarsa ba, amma ba a taɓa tura shi kotu ko majalisa ko asibiti ya ɗauko labari ba. Masu sauraron Hausa sun fi na Ingilishi yawa nesa ba kusa ba, amma labarinsu sauran tukunya ne.

Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta matsayi a ofis, ta shiga cikin jimla kanta. Hausa tana da ƙaramar kalma mai haɗari, wato "an". An kama mutum biyar. An kashe miliyan ɗari wajen gyaran hanya. An ce za a biya albashi. Jimlolin nan daidai suke a nahawu, kunne ma ba ya ƙin su, amma kowacce ta haɗiye wanda ya aikata. Mai fassara ba shi da laifi, domin abin da aka ba shi ke nan, kuma ba shi da ikon ɗaga waya ya tambaya. Ɗan rahoton da aka horar cikin Hausa kuwa, darasinsa na farko shi ne ya tsaya a kan kowane "an" ya ce, wa? Wa ya kama, wa ya kashe, wa ya ce? Harshen ya tanadi matakan tabbaci da mai magana ke hawa ba tare da ya lura ba. "Wai" na nuna mai magana ya tsame hannunsa daga zancen. "In ji wane" na ɗora nauyi a kan mai suna. "Ana zargin" na buƙatar mai zargi da abin da ya dogara da shi, ko da yake a bakin wasu masu gabatar da shirye-shirye ta zama garkuwar da ake fakewa a bayanta a ci mutuncin mutum. "Majiya mai tushe" kuwa, sau nawa edita ya tambayi ina tushen yake? Al'ummar da malamanta suka daɗe suna koyar da isnadi a zaure, wane ya ji daga wane, kuma shin mai ruwayar abin yarda ne, ba baƙuwa ba ce ga tantance majiya. Manhajar da aka kawo daga Landan da Amurka ce ba ta san da wannan jari ba.

Zamanin soja ya ba da nasa horon, wanda ba ya bukatar aji. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe New Nigerian ta kuma mallaki kashi 60 cikin ɗari na Daily Times. Doka ta 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian kurkuku na shekara guda a kan labarin naɗin jakadu. A ranar 19 ga Oktoban 1986 bam cikin wasiƙa ya kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch. Wanda ke aiki a gidan gwamnati, kamar yadda kusan duk ma'aikatan sashen Hausa suke a lokacin, ya fahimci saƙon ba sai an fassara masa ba.

Da dokar 1992 ta halatta kafa gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu, al'amura suka fara sauyawa. Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, Aminiya ta fito a 2006, aka sami 'yan rahoto masu fita unguwa da na'urar ɗaukar murya su dawo da labari cikin Hausa kai tsaye. A daidai wannan lokaci ne horo ya koma zauren bita. Cibiyar Wole Soyinka ta binciken ƙwaƙwaf ta samo asali a 2005, ta Premium Times a 2014, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa ma'aikatun gwamnati amsa buƙata cikin kwana bakwai. Ana koyar da karanta kasafin kuɗi da bin sawun kwangila da tantance hoto, abubuwan da Imam bai samu ba. Ba na raina wannan ko kaɗan. Amma takardar neman gurbi da Ingilishi take, samfurin aikin da ake nema da Ingilishi, mai koyarwa da Ingilishi, galibi kuma a otal a Abuja ko Legas. Ɗan rahoton ƙaramar tasha, wanda albashinsa ba ya zuwa a kan kari har yake dogara da kuɗin motar da masu taro ke bayarwa, da wuya ya tsallake waɗannan shingaye.

Abin da wannan giɓi ke ci ya bayyana a Zamfara. A farkon 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida. Aƙalla yara 400 suka rasu. Iyayen Hausa suke ji, masu niƙan ma haka. Labari ne da ba ya bukatar komai sai ƙirga sababbin kaburbura, da neman ganin rajistar ɗakin shan magani, da tambayar abin da ya sauya a garin cikin 'yan watannin nan. Jami'an ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura da yawan mace-macen suka sanar da duniya, kafafen yaɗa labarai suka ɗauka daga baya. A Bagega, garin da gubar ta fi yi wa katutu, ba a fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar ba sai a 2013, bayan matasan Follow The Money sun bi sawun kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari, suka matsa lamba a shafukan sada zumunta har aka sake su.