Takardar Kammala Sakandare ga Ɗalibai Masu Nakasa a Amurka: Yadda Ƙa'idojin Suka Samo Asali

A Amurka babu wata jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya, irin WAEC ko NECO, da ɗalibi ke rubutawa ya fita sakandare. Kowace jiha ce ke tsayar da sharuɗɗan da za a cika kafin a ba da takardar kammalawa, wadda a can ake kira difloma, wani lokaci ma hukumar ilimi ta gunduma ta ɗora nata a kai. Tsohon ma'aunin shi ne yawan darussan da aka zauna aka ci. Tun 1906 Gidauniyar Carnegie ta ƙayyade cewa awa 120 na karatun darasi ɗaya su ne maki ɗaya, ɗalibi ya yi ta tarawa har shekara huɗu. An gina wannan tsari ba tare da tunanin yara masu nakasa ba, domin da yawansu ko ƙofar aji ba a barin su taka.

A jihar Pennsylvania, doka ta ba makaranta damar ƙin karɓar yaron da aka auna aka ce hankalinsa bai kai na ɗan shekara biyar ba. Wata ƙungiyar iyaye mai suna PARC ta kai jihar ƙara a 1971, aka yi sulhu a gaban kotu a kan cewa irin waɗannan yara suna da haƙƙin karatu kyauta. A 1972, a shari'ar Mills da aka yi a birnin Washington a madadin yara bakwai, alƙali Joseph Waddy ya yanke cewa rashin kuɗi ba hujja ba ce ta barin yaro a gida. Sashe na 504 na wata dokar tarayya ta 1973 ya haramta wariya saboda nakasa a duk wata hukuma da ke karɓar kuɗin tarayya. Sannan a ranar 29 ga Nuwamba, 1975, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar ilimin dukkan yara masu nakasa, bayan majalisa ta bayyana cewa kimanin yara miliyan ɗaya an hana su makarantun gwamnati gaba ɗaya. Dokar ta wajabta ilimi kyauta da ya dace da yaro, tare da rubutaccen tsarin karatu na kowane ɗalibi, wanda malamai da iyaye ke zama su tsara, aka fi saninsa da IEP.

Dokar ta buɗe ƙofar shiga, amma ba ta ce uffan kan takardar fita ba. Kuma ta zo daidai lokacin da jihohi ke tsananta sharuɗɗan fita, saboda ƙorafin cewa ana yaye ɗaliban da ba su iya karanta takardar neman aiki ba. Florida na cikin waɗanda suka sa jarrabawar ƙwarewa a matsayin sharaɗi: wanda ya faɗi, sai a ba shi takardar shaidar ya gama zama a makaranta kawai. A shari'ar Debra P., wadda ta taso daga yadda baƙaƙen ɗalibai suka fi faɗuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta tsayar a 1981 cewa ba a hana ɗalibi difloma da jarrabawa sai an tabbatar an koya masa abin da ake tambayarsa.

Shari'ar da ta taɓa masu nakasa kai tsaye ita ce ta Brookhart, daga garin Peoria na jihar Illinois. A 1978 hukumar ilimin garin ta sanar cewa daga 1980 sai ɗalibi ya ci kashi 70 a karatu da harshe da lissafi kafin ya sami difloma. Ɗalibai 14 masu nakasa suka kai ƙara. Da aka duba takardunsu, sai aka ga abin da jarrabawar ke tambaya, har kusan kashi 90 daga cikinsa, babu shi a tsarin karatun da makarantar da kanta ta rubuta musu. Hukuncin 1983 ya kasu biyu. Kotu ta ce sanarwar shekara ɗaya da rabi ta yi kaɗan, ta sa a ba waɗanda suka cika sauran sharuɗɗa diflomarsu. Amma ta kuma ce hukuma na da ikon sa jarrabawar a kan kowa. Wajibinta shi ne ta sauƙaƙa yadda ake rubutawa, kamar ba makaho tambayoyi da rubutun makafi, ba ta rage nauyin abin da ake gwadawa ba. Wannan bambanci tsakanin sauƙaƙa hanya da sauya abin da ake aunawa shi ne har yau ake jayayya a kansa a teburin IEP.

A shekarar 1983 ɗin ce kuma rahoton nan mai suna A Nation at Risk ya fito, yana neman kowane ɗalibi ya yi shekara huɗu na Turanci, uku na lissafi, uku na kimiyya, uku na ilimin zamantakewa. Jihohi suka bi. Da sharuɗɗa suka yi tsauri, sai aka riƙa ƙirƙiro wasu takardu don waɗanda ake ganin ba za su iya ba: takardar halarta, difloma ta musamman a Florida, diflomar sana'a a Alabama da Mississippi, da wadda New York ta kira diflomar IEP.

Ta New York ɗin ta isa misali. Kafin a soke ta, ana ba da ita ne idan ɗalibi ya cim ma burin da ke cikin tsarin karatunsa, ko da bai zauna jarrabawar jihar da ake kira Regents ba. Ranar yaye ɗalibai, yaro zai sa alkyabba da hula kamar kowa, a kira sunansa, iyaye su ɗauki hoto. Sai ya je neman gurbi a kwaleji, ko shiga soja, ko wani aiki da ke neman shaidar sakandare, a shaida masa cewa takardar hannunsa ba difloma ba ce. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa tun yaro na shekara 13 ko 14 ake karkatar da shi zuwa wannan hanya, a cire shi daga darussan da ke ba da maki, iyaye su sa hannu ba tare da an fayyace musu inda hanyar za ta ɓulle ba. Kuma mafi yawan ɗaliban da ke ƙarƙashin dokar 1975 ba masu taɓuwar fahimta mai tsanani ba ne. Akwai masu wahalar karatu, da masu matsalar magana, da kurame, da makafi, waɗanda ba abin da zai hana su cikakkiyar difloma in an ba su taimakon da ya kamata.

Gwamnatin tarayya ta shiga maganar a hankali. A 1990 aka sauya wa dokar 1975 suna zuwa IDEA, aka wajabta shirya ɗalibi don rayuwar bayan makaranta tun yana shekara 16. Gyaran 1997 ya ce dole a sa masu nakasa cikin jarrabawowin jiha, wanda ba zai iya ba a yi masa wata ta dabam. Ƙa'idojin 1999 suka fayyace cewa karɓar cikakkiyar difloma yana kawo ƙarshen haƙƙin ɗalibi na ilimi na musamman, don haka sai an sanar da iyaye a rubuce tukuna. Na 2006 suka ƙara da cewa takardar halarta ko ta GED, wato jarrabawar da ke zama madadin difloma, ba ta yanke wannan haƙƙi, ɗalibi zai ci gaba har zuwa shekara 21 a yawancin jihohi, a Michigan ma har 25. Nan iyaye suka sami kansu gaba kura baya siyaki: yaro ya karɓi difloma a shekara 18 ya rasa koyon sana'a da taimakon da yake samu, ko ya zauna ya ci gaba da amfana, ya fita da takarda marar nauyi.

Abin da ya tilasta wa jihohi sake tunani shi ne lissafi. Dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002 ta sa makarantu su riƙa fitar da sakamakon masu nakasa a ware, yadda ba za a ɓoye shi cikin na jama'a ba. A 2008 aka fito da hanya ɗaya ta ƙirga waɗanda suka kammala cikin shekara huɗu, kuma cikakkiyar difloma kaɗai ake ƙirgawa. Alƙaluman farko, na zangon 2010 zuwa 2011, sun nuna kashi 79 na dukkan ɗalibai sun kammala, amma na masu nakasa kashi 59 ne.

Daga nan takardun gefe suka fara faɗuwa. New York ta soke diflomar IEP a Yulin 2013, ta maye gurbinta da takardun shaida biyu da ba a kira su difloma ba, ta kuma riƙe rangwamen da ke ba mai nakasa diflomar gunduma da maki 55 a Regents maimakon 65. Florida ta soke tata difloma ta musamman da dokar 2014. Louisiana kuwa ta bi wata hanya a shekarar: ta ba kwamitin IEP ikon tsara wa ɗalibin da ya kasa cin jarrabawar jiha wata hanyar nuna ƙwarewa, ya fita da cikakkiyar difloma. Kalifoniya, bayan shekaru ana shari'a kan jarrabawarta ta fita, ta dakatar da ita a 2015, ta kuma ba tsofaffin ɗaliban da ita kaɗai ta tare su diflomarsu.

Dokar ESSA, wadda Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a Disambar 2015, ta ba jihohi damar ƙirƙiro difloma ta dabam don masu taɓuwar fahimta mai tsanani kaɗai, bisa sharaɗin ta yi daidai da darussan cikakkiyar difloma, kuma a iya ƙirga ta cikin waɗanda suka kammala. Ta kuma taƙaita masu zama jarrabawa ta dabam zuwa kashi 1 na ɗaliban da aka gwada a jiha, don kada makarantu su riƙa tura yara can saboda neman sauƙi. A 2017, a shari'ar Endrew F., alƙalan Kotun Ƙoli gaba ɗaya suka yanke cewa ɗan ci gaba kaɗan bai wadatar ba, dole tsarin karatun yaro ya kai shi ga ci gaban da ya dace da halinsa.

Zuwa zangon 2019 zuwa 2020, adadin masu nakasa da suka kammala ya kai kashi 71, na dukkan ɗalibai kuma kimanin 87. Sai dai kwatanta jiha da jiha yana da wuya, tunda abin da wata ta yarda a sassauta, wata ba ta yarda ba. Jarrabawar fita ma tana ja da baya: a Nuwamban 2024 masu zaɓe a Massachusetts suka cire tasu daga sharuɗɗan kammalawa, a shekarar kuma New York ta bayyana shirinta na daina wajabta cin Regents, ta koma ga difloma iri ɗaya ga kowa.