Allura, Ƙafa da Wutar Lantarki a Yerwa

Aikin allurar keken ɗinki guda ne: ta sauka, ta hau, a kan miƙaƙƙen layi da bai fi gaɓar yatsa da yawa ba. Tun da Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, tushen dabarar bai sauya ba: wili ya juya, ɗan sandan ƙarfe a cikin kan keken ya mai da juyin ya zama hawa da sauka. Abin da ake ta sauyawa shi ne mai juya wilin, daga hannu zuwa ƙafa, sannan lantarki, wanda kamfanin Singer ya shigo da shi a 1889. Akwai na'urar da ke tafiya a miƙe kai tsaye, wato naɗin wayar tagulla mai fizgar ƙarfe idan wuta ta ratsa shi, irin wanda ke cewa ƙas idan aka murza makullin mota. Amma fizga kawai ya iya, yana saurin zafi, kuma ba zai haɗa tafiyar allura da ta ƙoshiya a lokaci guda ba. Shi ya sa juyi ya ci kasuwa.

A Maiduguri, garin da ya kafu a 1907 lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, abin da ya yanke wa tela hukunci shi ne rashin tabbas na wuta. Duba tsohon keken Butterfly baƙi a shagunan kewayen Monday Market: an ɗaura masa ɗan moto a gefe, amma feda na nan a ƙasa, bel ɗin fata na rataye. Da wuta ta ɗauke, sai tela ya zare bel ɗin moto, ya mayar da na fata, ƙafa ta karɓi aiki. A ganina wannan zaɓi ne na mai lissafi, kuma shekarar 2021 ta gaskata shi: a watan Janairu 'yan ta da ƙayar baya suka kayar da turakun layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a Maris, suka sake kayarwa cikin kwanaki, gari ya shafe watanni a duhu. Tashar lantarki ta iskar gas mai megawat 50 ba ta zo ba sai Maris 2023.

Za a ce babban keke irin Juki yana zuba ɗinki dubbai a minti, ga layi tsaf, kuma mai ɗinkin Sallah ba ya da lokacin taka feda. Haka ne, kuma injin surfani na zamani ma ba ya motsi sai da wuta. Sai dai saurin nan yana tafe da janareto, fetur ko farantan sola, kuɗin da ƙaramin tela zai ɗora wa kowace riga. Sannan idan allon lantarkin sabon moto ya ƙone, yawanci sai a jira wani daga Kano ko Legas, alhali ɗan moton Butterfly mai gyaran fanka ma yana sake masa naɗi.